Gida na Biyu a Katsina da Daura: Tambayoyi da Amsoshi

A Katsina da wuya ka sami magidancin da ya manyanta wanda ba shi da wani wuri, ban da inda yake kwana, da yake ce wa "gida". Wani gidan mahaifinsa ne a ƙauye. Wani ɗaki biyu ne da ya kafa a bakin gonarsa. Wani kuma aikinsa yana Abuja ko Legas, amma ginin da ya zuba wa ƙarfinsa yana nan bayan Ƙofar Ƙaura. Ga tambayoyin da aka fi yi kan irin waɗannan gidaje, da amsoshinsu.

Wane gida ake kira gida na biyu a wurinmu?

Duk gidan da iyali ke da iko da shi, suna zuwa suna kwana, amma ba a nan suke zaune shekara ba. Na farko shi ne gidan gado a garin asali, inda galibi akwai tsohuwa ko baffa ko ƙane da ke riƙe da shi, kuma ɗan birni yana da sashensa ko ɗakinsa. Sai gidan da mutum ya gina da kuɗinsa a mahaifarsa don ya sami wurin sauka ba tare da ya takura wa kowa ba. Sai gidan gona. Sai kuma akasin waɗannan duka, wato gidan da mutumin karkara mai hali, ɗan kasuwar hatsi ko mai shanu ko hakimi, yake riƙe da shi a cikin birni.

Gidan da aka gina don a zuba 'yan haya kawai ba ya cikin wannan lissafi. Wannan jari ne.

Wannan ɗabi'a ta masu kuɗin zamani ce?

A'a, ta daɗe ƙwarai. Kafin zuwan Turawa, yawancin masu sarauta suna zaune ne a cikin birni kusa da fada, jakadunsu ke fita ƙauyuka karɓar haraji. Turawan mulkin mallaka ne suka tilasta wa hakimai komawa su zauna a gundumominsu a farkon ƙarni na 20. Hakiman suka tafi, amma ba su saki gidajensu na birni ba, domin dole su shigo gaisuwa da hawan sallah, kuma dawakai da bayi da 'yan rakiya suna buƙatar masauki. Har yau idan sallah ta gabato za ka ga an share ƙofar irin waɗannan gidaje, an kafa turaku, an jibge harawa.

Talakawa ma suna da nasu. Manomin da gonarsa ke nesa da gari yakan yi bukka ya tare can har a gama girbi. Ɗan ci-rani kuwa rabin shekararsa a birni take, rabi a gida. Abin da ya ƙaru shi ne albashi da mota. Da aka ƙirƙiri Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna a 1987, ma'aikata da yawa suka dawo, waɗansu suka bar gidajensu a Kaduna suka gina a nan, aka wayi gari iyali guda na da ƙafa a garuruwa biyu ko uku.

A ina aka fi samun waɗannan gidaje?

Ya danganta da wanda ya gina da abin da yake nema.

'Yan Katsina mazauna wasu jihohi sukan so wurin da mota za ta shiga har ƙofa, don haka suka fi karkata ga GRA, da fegin bayan Ƙofar Ƙaura, da rukunin gidaje irin su Barhim da Goruba, da sababbin unguwannin da ke ta miƙewa ta hanyar Kano da hanyar Daura. Cikin gari, wajen Ƙofar Soro da Gobarau da tsofaffin unguwanni, gidajen gado ne, kuma ba a cika sayar da su ga bare ba. Mutum yakan yi sabon gini a waje amma ya ci gaba da gyara ɗakin mahaifiyarsa a lungu, kuma can zai fara zuwa gaisuwa kafin ya buɗe nasa.

Hanyar Dutsinma tana da nata labari. A kanta Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa take, da Jami'ar Al-Qalam, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Iyaye daga ƙananan hukumomi sukan sayi ƙaramin gida a wannan yanki, 'ya'yansu su zauna suna karatu, su kuma su sami wurin sauka idan sun shigo. Shi ya sa gonakin Batagarawa da yawa suka koma fulotai.

Gidajen gona kuwa suna bin ruwa da kwalta. Akwai su ta wajen madatsar Ajiwa, da hanyar Mani da Mashi, da Rimi da Charanchi, da Kaita. Masu noma da gaske, masu neman masara da auduga da waken suya, kudu suke dosa, Funtuwa da Malumfashi da Bakori, inda damina ta fi nauyi.

Me ake yi da gidan, tunda ba a zaune ciki?

Sallah ce ta farko. Babbar sallah musamman, domin mutane da yawa sun fi son su yi layya a gaban iyayensu, a raba nama ga dangin da suka san su tun suna yara. Sai biki da suna. Sai rasuwa, wadda ita ce ba ta sallama. Duk wanda aka yi masa rasuwa a ƙauye ya tafi da mata da yara ba shi da wurin ajiye su, ya san dalilin da ya sa ake gini. Kwana uku ko bakwai na zaman makoki a ɗakin aro, da jariri da tsohuwa, ba ƙaramin abu ba ne.

Da kaka gidan yakan zama rumbu. A nan ake tara gero da dawa da wake, a sussuke, a zuba a buhu, a riƙa kwasowa kaɗan-kaɗan zuwa birni. Iyalai da yawa a Katsina ba sa sayen hatsi a kasuwa sai abin da ba a rasa ba, kuma wannan ɗakin na ƙauye ne ke riƙe da tukunyarsu.

Gidan birni kuma na mutumin karkara, babban aikinsa jinya ne. Idan aka kwantar da mutum a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko babban asibitin gari, masu jinya suna buƙatar wurin wanka, da murhun da za a dama kunu, da tabarmar da za a miƙe. Gida ɗaya yakan ɗauki mutanen ƙauye guda haka, wannan ya tafi wancan ya zo. Ni a ganina babu gidan da ya fi wannan lada.

Wasu kuma suna aika yara hutu don su san danginsu, su san yadda ake huɗa da yadda ake ɗaure dami. Wannan ya ragu sosai, kuma dalilin yana cikin tambaya ta gaba.

Yaya rashin tsaro ya shafi lamarin?

Ya kife shi gaba ɗaya a yammaci da kudancin jiha. A ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka da dajin Rugu da iyakar Zamfara, irin su Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, gida mai kwano da fenti a ƙauye ya zama alama. Mota ta tsaya a ƙofarsa, kafin magariba labari ya isa daji. Mutanen da suka yi shekaru suna tara bulo don su huta a mahaifarsu, yanzu sukan je da hantsi su juyo kafin la'asar, waɗansu ma sai dai su aika. Sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 ya sa iyaye da yawa suka daina tura yara ƙauye ko da kwana ɗaya. A Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, mai gida a birni ya kasa ko jin muryar wanda ke tsare masa gida.

Sai hanya ta juya. Da ɗan birni ne ke neman ɗaki a ƙauye, yanzu mutumin ƙauye ne ke neman ɗaki a birni. Mai hali ya sayar da shanu ya sayi gida a Katsina ko Dutsinma ko Funtuwa, ya kawo iyali, shi kuma ya riƙa komawa gona idan an sami sarari. Gidansa na haihuwa shi ne ya koma na biyu. Marar hali kuwa yana raɓe a kango, ko a zauren wani, ko a ɗaki ɗaya da mutum goma. Ka zaga bayan gari da safe za ka gan su, mata sun kafa duwatsu uku a cikin ginin da ba a rufa ba, an rataya tsohon buhu a madadin ƙofa, yara suna wasa a kan tulin yashin mai gida.

A nan nake da magana da masu gidaje biyu da uku. Ba daidai ba ne gida mai ɗaki huɗu ya shekara da kwaɗo a ƙofa alhali 'yar gwaggonka da marayunta suna kwana inda ruwa ke dukansu. Tsoron da ake ji na kada a ba mutum aro ya ƙi tashi gaskiya ne, amma yana da magani, kuma za mu zo kansa.

Gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, kuma an yi sulhu a wasu yankuna. Duk da haka, kafin ka kwana da iyali a ko'ina, ka tambayi mutanen wurin a ranar, ba labarin makon jiya ba.

Daura fa, haka abin yake?

Da sauƙi. Masarautar Daura, wato Daura, Sandamu, Zango, Ɓaure da Mai'aduwa, tana nesa da dazuzzukan yamma, don haka zuwa gida da kwana a gona bai yanke ba. 'Yan Daura da ke aiki a Kano da Kaduna da Abuja suna cika gari da sallah, haka da Sallar Gani a watan Maulidi, lokacin da gidajen da suka yi watanni shiru ke cika da baƙi.

Misalin da kowa ya sani shi ne na marigayi Muhammadu Buhari. Yana da gida a Kaduna, ya yi shekara takwas a fadar shugaban ƙasa, amma da babbar sallah yakan dawo gidansa na Daura ya leƙa shanunsa. Da ya miƙa mulki a ranar 29 ga Mayun 2023 Daura ya nufa, kuma a harabar wannan gida aka binne shi a Yulin 2025. Abin da ya yi shi ne abin da dubban ma'aikata ke fata, a yi aiki a waje, a ƙare a gida.

Zuwan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri, da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa ta nan, sun sa filaye a gefen garin sun yi daraja. Sannan akwai 'yan kasuwar da ke hulɗa da Nijar ta Kongolam da kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, waɗanda ke riƙe da masauki a Daura ko da iyalinsu na Kano.

Gidan da aka ajiye amarya, shi ma gida na biyu ne?

A wurin maigida yana iya zama haka, amma a wurin matar da ke ciki shi ne gidanta ɗaya tilo, kuma haƙƙinta na kwana da ci da sha bai ragu ba don tana wata unguwa ko wani gari. Wanda ya ajiye mace a Katsina da wata a Daura, ya lissafa kuɗin mai da lafiyar jikinsa kafin ya ɗaura. Rabon kwana ba ya faɗuwa saboda nisa, sai dai in ita ce ta yafe da yardarta.

Me ke samun gida idan aka rufe shi ya daɗe?

Yana lalacewa fiye da wanda ake ciki, kuma mutane ba sa yarda sai sun gani. Gara ce ke fara aiki. Takan biyo ta bayan kabad ko ƙarƙashin katifa, ta cinye katakon rufi daga ciki, ka zo ka ga fenti lafiya lau, ka taɓa da yatsa ya burma. Iskar farkon damina ta ɗaga kwano ɗaya, ruwa ya riƙa sauka kan silin har ya yi ciki ya faɗo. Indararo ya toshe da ganyen darbejiya da leda, ruwa ya kwanta a kan soro. In ginin ƙasa ne kuma ba a yi yaɓe kafin ruwa ba, damina biyu sun isa su kwantar da katanga. Da hunturu ƙura ta shiga ko'ina. Ɓeraye, jemagu, wani lokaci maciji. Famfon rijiyar burtsatse da ya yi watanni bai juya ba yakan ƙi tashi. Sai ɓarayin waya da na farantan sola, waɗanda sun san gidan da fitilarsa ba ta kunnuwa.

Gida kamar jiki yake, in ba a motsa shi sai ya sanƙare. Ko ba za a sa kowa ba, a sami wanda zai buɗe tagogi duk mako, ya share, ya kunna famfo, ya hau ya duba rufi kafin ruwan farko da kuma tsakiyar Agusta.

To wa ya kamata a sa a ciki, ɗan'uwa ko mai gadi ko ɗan haya?

Kowanne da nasa. Mai gadi sai da albashi, kuma wanda aka bari wata uku ba a biya shi ba, bai kamata a yi mamaki in ya fara saukar da baƙi a ɗakunan ba. Ɗan haya yana kawo kuɗi, amma ranar da ka zo sallah ba ka da wurin sauka, sai dai in tun farko an ware sashe guda mai ƙofarsa daban. Wannan tsari na raba gida biyu shi ne na fi ganin yana ɗorewa.

Ɗan'uwa ya fi kowa kula da gida, kuma shi ya fi wuyar tayarwa. Maganin shi ne a yi maganar a fili tun ranar farko, gaban manya biyu da mai unguwa, a rubuta. Ba rashin kunya ba ne ƙane ya ce, "Yaya, ga makulli, ku zauna har Allah Ya kawo sauƙi. Aro ne, ba kyauta ba. Ɗakin kudu nawa ne in na zo. Ranar da zan buƙaci gidan zan faɗa maka da wata shida." Shi kuma ya amsa, "Na ji, Allah Ya saka da alheri," a sa hannu. Nauyin minti biyar ne. Rashin yin sa ne ke kai 'ya'yan mutum biyu gaban alƙali bayan iyayen sun kwanta dama, wannan na cewa an ba babansu, wancan na cewa aro ne.

Waɗanne takardu ake buƙata?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka. Filayen karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin riƙe su bisa al'ada. Takardar ciniki da dillali ya rubuta, mai unguwa ya buga hatimi, tana da amfani a matsayin shaida, amma ba ita ce takardar gwamnati ba. A Katsina yanzu hukumar KATGIS ce ke kula da rajistar filaye, kuma izinin gini yana wurin hukumar tsara birane.

Kafin ka biya, ka je da kanka ka ga filin, ka tambayi maƙwabtan gabas da yamma. In gonar gado ce aka yanka, ka tabbata duk magada sun yarda, har da mata, domin daga wurinsu ƙara ta fi fitowa daga baya, kuma da gaskiyarsu. Ka duba ko hanyar ruwa ce. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta ci rayuka da dama ta rushe gidaje, ta nuna abin da ruwa ke yi wa ginin da aka yi kusa da kogi. Fili mai araha a rani, ka koma ka gan shi a Agusta.

Akwai zakka a kan gida na biyu? Kuma ana yin ƙasaru a can?

Gidan da aka tanada don zama ba a fitar masa da zakka, ko guda nawa ne. In ana karɓar haya, kuɗin hayar ne ake haɗawa da sauran dukiya, in sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo a fitar. Wanda ya saya don ya sayar ya ci riba, hukuncinsa na kayan kasuwanci ne. Hatsin da ke cikin rumbu kuwa zakkarsa tun ranar girbi take.

Ƙasaru a mazhabar Malikiyya sai tafiya ta kai kimanin kilomita 80, don haka mai zuwa Rimi ko Batagarawa daga Katsina ba matafiyi ba ne. Mai zuwa Funtuwa matafiyi ne a hanya, amma in ya isa garin da matarsa ke zaune, ko ya yi niyyar kwana huɗu cikakku, sai ya cika sallarsa. Don yanayinka na musamman, ka zauna da malamin unguwarku.

Ma'aikaci mai matsakaicin albashi, ya gina a ƙauye ko ya bari?

In har yanzu haya yake biya a birni, ya fara da inda 'ya'yansa ke kwana. Na ga mutane da dama sun zuba kuɗin sallamarsu a katafaren gida a ƙauye don kada a ce ba su yi komai ba, ga shi ana shiga sau biyu a shekara, su kuma mai gidan haya yana buga musu ƙofa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, zuwa gida kowane ƙarshen mako ma ya gagari da yawa.

Abin da ya fi dacewa da irin wannan mutum shi ne ɗaki biyu da banɗaki mai kyau a cikin gidan gado, da izinin sauran 'yan'uwa, a rubuta cewa shi ya gina don kada a rikice ranar rabo. Kuɗin da ya rage ya sa a taki da gyaran rijiya da rufin ɗakin Inna.

Idan mai gidan ya rasu, ya ake yi da gidan ƙauye?

Gado ne kamar kowace dukiya, kuma 'ya'ya mata da matan mamaci suna da rabonsu a ciki, ko da ba su taɓa kwana a can ba. Wanda ke zaune a gidan ba ya zama mai shi don ya daɗe. In mamacin ya ce ya ba wani kyauta, sai an tabbatar wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, in ba haka ba gidan ya koma cikin gado.

Yawanci 'ya'yan da suka tashi a birni ba sa son komawa, kuma ba sa son a ce sun sayar da gidan ubansu. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a kira masana su yi wa gidan kuɗi, wanda ke zaune a garin ya biya sauran rabonsu, a hankali in ya kama, a bar ɗaki ɗaya da sharaɗin duk wanda ya zo zai sauka. A yi wannan da wuri, tun shaidu suna raye kuma magadan ba su kai jikoki ba.